Littafi Uku, Suna Ɗaya

Masu karatu, kun dai san al'adarmu ta marubutan Kano: labari ɗaya mu raba shi na 1, na 2, na 3, suna bai canza ba, galibi kuma babu lambar ISBN. To manhajar Calibre da nake tara littattafaina, in ta nemo bayanai daga Google Books da Amazon, duk waɗanda suna da marubuci suka zo ɗaya haɗe su take yi, ta ɗauki shekarar da ta fi tsufa. Sai ga shekarar na 1 manne a jikin na 3, wanda ya ci mini shekara biyu cur! Yanzu rumbu ɗaya nake kunnawa. Lambar kashi kuwa da hannuna nake sawa.