Na Hana Ta Iyo, Ban Hana Ta Zuwa Kogi Ba

Carissa Moore tana da shekara 5 mahaifinta ya ɗora ta a kan allon hawan igiyar teku a gaɓar Waikiki da ke Hawai. Yadda wasan yake, mutum zai kwanta ruf da ciki a kan allo, ya yi ta tuƙi da hannuwa har igiya ta taso, sai ya miƙe tsaye ta kwashe shi, yana sarrafa allon da ƙafafunsa kafin ta fashe. In ya faɗi, ruwa ya danne shi, ba abin da zai fitar da shi sai iyo da riƙe numfashi. Uban ya san da haka sarai. Bai tsaya a tudu yana yi mata tsawa ba, shiga ya yi tare da ita.

A 2011, tana da shekara 18, ta zama zakarar duniya. Ta sake a 2013, 2015, 2019 da 2021. A gasar Olamfik ta Tokiyo, karon farko da aka sa wannan wasa, teku ta hargitse saboda guguwa, amma ta doke Bianca Buitendag ta Afirka ta Kudu a gaɓar Tsurigasaki, ta ɗauki zinare.

Mu a Shuwak ba mu da teku. Kogin Atbara muke da shi, wanda ke gangarowa daga tsaunukan Habasha, ya haɗu da Sitit nan kusa da mu. Da rani yakan janye ya lafa, da damina kuwa ya cika ya tumbatsa, ruwan ya yi jajir da laka, yana jan itatuwa da saiwarsu. Hausawan garin nan da yawa a bakinsa muke ci, wasu kamun kifi, wasu lambu. 'Ya'yana maza da hannuna na koya musu iyo, kamar yadda mahaifina ya koya mini.

Wata rana da rani na tarar da babbar 'yata, tana ƙarama, a cikin ruwa mara zurfi tare da 'yan'uwanta. Ta rungume jarkar da ba komai a ciki, murfin a ɗaure tam, tana buga ƙafafu tana dariya, har ta fara sakin hannu ɗaya. Na fizgo ta, na mare ta a gaban yara, na ce mace ba ta iyo, kada na ƙara gani. Da dare uwarta ta ce, "Malam, ai ita ce mai zuwa wanki kullum." Na ce ta bar maganar.

Wannan magana da na toshe ita ce gaskiyar al'amarin. Ni da na hana ta iyo ban taɓa hana ta zuwa kogi ba. Ita ke kai wanki, ita ke wanke tukwane, ita ke ɗebo ruwa in famfo ya ɗauke. Na sha jin malamai suna kwaɗaitar da koya wa 'ya'ya iyo, ban taɓa jin wanda ya ce ban da mata ba. Tsoron bakin mutane ne ya kama ni, na sa masa sunan tarbiyya.

Bayan wasu shekaru, cikin damina, gaɓar da take tsugune a kai tana ɗauraye kaya ta zabtare. Ƙaninta, wanda na koya wa iyo, shi ya faɗa ya cafko zanenta, wani masunci ya tare su da kwalekwale. Sanda na iso an kwantar da ita a gefe, tana aman jan ruwa, laka har cikin kunnenta, farcenta duk ya kakkarye wajen kama ƙasar da ke rugujewa. Tsakaninta da tudu bai fi taku kaɗan ba. Yaron da ya iya buga ƙafa da jarka zai iya fita.

Daga baya na ji labarin Khadjou Sambe, 'yar masunta Lebu ta unguwar Ngor a Dakar, mace ta farko a Sanagal da ta mai da hawan igiyar teku sana'a. Ita ma danginta sun hana ta sama da shekara 2, wai tana jawo musu abin kunya. Ta koma wasan, ta je Kalifoniya a 2018 ta ƙaro horo, ta dawo tana koya wa 'yan mata. Ba a jikin mahaifin Carissa na ga kaina ba. A jikin waɗanda suka hana Khadjou na gan shi, sai dai tawa 'yar ta bi umarnina, bin umarnin kuwa ya kusa kashe ta.

Na nemi gafararta, ta ce, "Ba komai, Baba." Yanzu da rani nakan kai ƙannenta mata kogi da sassafe, da doguwar riga da wando, uwarsu na zaune a gaɓa. Wasu maƙwabta sun yi magana, wasu sun turo nasu. Babbar kam na yi lallashi har na gaji, ta ce in dai ruwa ya wuce idon sawu, a bar ta.