Ziyararmu Gidan Kiɗan Jaz A Birnin New Orleans

A wannan wata za mu tsallaka teku da ku zuwa kudancin ƙasar Amurka, wato birnin New Orleans na jihar Luwiziyana, inda Allah Ya nufe mu da yada zango na kwana huɗu a kan hanyarmu ta ziyarar 'yan'uwa. Birnin yana bakin kogin Misisipi. Faransawa ne suka kafa shi a 1718, ya koma hannun Sifaniyawa, ya sake dawowa hannun Faransa, har a 1803 Amurka ta saye shi tare da dukan yankin. To, amma abin da ya fi fito da sunansa a duniya shi ne kiɗan da ake kira jaz, domin a nan aka haife shi, kuma galibin waɗanda suka haife shi jikokin bayi ne.

Tun 1719 jiragen ruwa suka fara sauke bayi a Luwiziyana, yawancinsu a zamanin Faransawa daga yankin kogin Sanagal da Gambiya. A tsofaffin takardun ciniki da na rabon gado an rubuta asalin wasunsu: Bambara da Wolof da Mandinko da Fulani, har da Hausawa. Kafin yaƙin basasar Amurka babu kasuwar bayi da ta kai ta wannan birni girma a duk ƙasar. Akwai wani fili da ake kira Congo Square, wanda a 1817 hukumar gari ta keɓe wa bayi domin taronsu na ranar Lahadi. A nan suke kasa kaya, su buga ganguna, su yi rawa da waƙa irin ta gida. Filin yana nan har yau a cikin lambun da aka sa wa sunan Louis Armstrong, a unguwar Treme, kuma da shi muka fara da rana kafin mu nufi gidan kiɗa da dare.

Gidan da muka je sunansa Preservation Hall, wato zauren adana kiɗa, a lamba 726 titin St. Peter cikin tsohuwar unguwar Faransawa. Wanda bai sani ba sai ya wuce shi, domin bangonsa ya koɗe, ƙofarsa ta ƙarfe duk ta tsufa. Ciki ɗaki ne guda wanda da ƙyar yake ɗaukar mutum ɗari. Ga 'yan bencinan katako, ga matasai a ƙasa, sauran jama'a kuwa a tsaye a baya. Ba a sayar da giya ko abinci, ana shiga da yara, kuma da an fara kiɗa ba a yarda a ɗauki hoto. A jikin bango an rataya zanen fuskokin tsofaffin makaɗan da suka yi zamani a ɗakin.

Tarihin gidan shi ya fi kama mu. A shekarun 1950 kasuwar tsohon jaz ta faɗi, samari sun koma wasu kaɗe-kaɗen, dattawan da suka taso da shi sun koma aikin ƙarfi don neman abinci. Wani mai shagon sayar da zane, Larry Borenstein, ya riƙa kiransu suna kiɗa a shagonsa. A 1961 Allan Jaffe da matarsa Sandra suka karɓi ragamar wurin, suka mai da shi gidan kiɗa. A lokacin dokar wariyar launin fata tana aiki a kudancin Amurka, sai a 1964 aka soke ta, amma a wannan ɗaki baƙi da farare suna zama tare. A nan George Lewis da Kid Thomas Valentine da 'yan'uwa biyu Percy da Willie Humphrey suka sake samun masu sauraro. A nan kuma Sweet Emma Barrett ta yi suna. Ko da shanyewar ɓarin jiki ta same ta a 1967, ta ci gaba da kaɗa piyano da hannun dama kaɗai har kusan rasuwarta a 1983. Allan Jaffe ya rasu a 1987, daga baya ɗansa Ben ya gaje shi.

Makaɗan da muka tarar su bakwai ne, sun zauna dab da mu har muna jin numfashin mabusa. Duk wanda ya taɓa jin badujalar 'yan sanda zai gane yawancin kayan. Mai ƙaho, wanda ya yi kama da begila, shi ke riƙe da uwar waƙa. Mai baƙar sarewa yana zagaya ta daga sama kamar mai yi wa riga aiki. Mai dogon ƙahon da ake ja ana turawa yana cike gurbi daga ƙasa. Bayansu ga piyano, ga ganguna, ga banjo, ga ƙaton ƙahon da ke riƙe taki. Babu mai duba takarda. Za su ɗauko waƙar da kowa ya sani tare, sa'an nan a bar wa kowa fili ya juya ta yadda ya ga dama, ya miƙa wa na kusa, a ƙarshe su haɗu su dire. Minti 45 aka yi aka tashi domin wasu su shigo. Akwai allo a bango mai nuna kuɗin da za a biya in ana son a roƙi waƙa, kuma wadda ake kira The Saints ita ta fi tsada, saboda yawan roƙonta da baƙi suke yi har ta gundure su.

Da aka shiga kiɗan buluz sai jikinmu ya yi sanyi. Baitinsa layi uku ne: mawaƙi ya faɗi magana, ya maimaita ta, sa'an nan ya kawo ta uku ta warware su, ƙaho yana amsa masa kamar 'yan amshi. Yana lanƙwasa murya yana jan ta, yadda mai goge ko mai kukuma yake yi. Banjo kuwa asalinsa ƙwarya ce da aka rufe da fata aka ɗaura wa tsirkiya, bayi suka ƙera shi a tsibiran Karebiyan, wato ɗan'uwan gurmi da molo ne. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya nuna a littafinsa na 1999 cewa salon buluz ya fi kama da kiɗan ƙasashenmu na sarari, daga Mali zuwa arewacin Gana da Nijeriya da Kamaru, fiye da gangunan bakin teku. Amma kada mu cika baki mu ce namu ne aka ɗauka. A gonakin auduga da coci-cocin baƙaƙen Amurka ya girma, kuma wahalarsu ce a cikinsa.

Washegari muka leƙa titin Frenchmen, inda kulob-kulob suke jere, kowanne da makaɗansa. A nan kam ana sayar da giya, sai mai ƙyamar abin ya sani tun daga gida. A wanda muka shiga ba a karɓi kuɗin ƙofa ba, sai bokiti aka riƙa zagayawa da shi bayan 'yan waƙoƙi, irin liƙinmu na biki. Abin da aka jefa a ciki shi ne babban rabon makaɗan na wannan dare, a garin da baƙi suke tururuwa saboda su.

Ga kuma tabon ambaliya. A ƙarshen Agustan 2005 guguwar Katrina ta fasa shingayen ruwa, kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, mutum fiye da 1,000 suka rasu. Preservation Hall bai nutse ba, ya sake buɗewa a 2006, amma makaɗa da yawa sun rasa gidaje da kayan kiɗa. Harry Connick Jr. da Branford Marsalis suka jagoranci gina wata unguwa domin makaɗa. Duk da haka mutanen birnin da suka kusa 485,000 a ƙidayar 2000 ba su wuce 384,000 ba a ta 2020. Kiɗan nan kuwa a unguwa ake koyonsa, a bayan gawa da wajen biki, yaro yana bin babba. In unguwa ta watse, makarantar ce ta watse.

Dattawanmu na nan Gana za su tuna Louis Armstrong, ɗan wannan birni da aka haifa a 1901, wanda ya sauka Ankara a 1956 dubban jama'a suka tarye shi, har ya yi busa tare da E. T. Mensah. Ya sake zuwa a 1960, ya zaga Gana da Nijeriya da Kwango. Su can sun san darajar tushen da suka fito. Mu a zangunanmu masu goge da gurmi da algaita suna tsufa, lasifika ta kore su daga wajen biki, 'ya'yansu kuma suna jin kunyar gadon. Ɗaki guda da 'yan bencina da ƙaramin kuɗin ƙofa su suka riƙe dattawan New Orleans tun 1961. Muna kira ga sarakunan zango da ƙungiyoyin samari su duba ko wannan ya fi ƙarfinmu.

Wanda Allah Ya kai shi garin, ya sayi tikitinsa ta intanet tun da wuri, domin ɗakin ba ya jimawa yake cika. Sai mun sadu a fitowa ta gaba. Wassalam.