Karatun Likita: Hanyar Kai Tsaye Da Hanyar Zagaye

Kowace shekara, da zarar jami'o'i sun fara sakin sunayen ɗaliban da suka ɗauka, magana ɗaya ce ke yawo a bakin iyaye a unguwarmu ta Wuse, daga ma'aikatan gwamnati har zuwa 'yan kasuwa: yaro ya nemi karatun likita, an ba shi wani abu dabam. Wannan an ba shi Bayokemistiri, wancan Maikurobayoloji, waccan Anatomi ko Fisiyoloji. Da yake na daɗe ina koyar da Kemistiri a makarantun sakandare, maƙwabta da abokan sallar jam'i sukan zo mini da takardun, su ce, "Malam, duba mana, wannan zai kai shi ga likita kuwa?" Amsar tana da tsawo, ba ta yiwuwa a tsaye a ƙofar masallaci, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta ta.

Da fari dai bari mu ga yadda tsarin yake a ƙasarmu. A Nijeriya yaro yana shiga karatun likita ne kai tsaye daga sakandare. Zai zauna jarrabawar Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, hedkwatarta kuma tana nan kusa da mu a Bwari, ya rubuta Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, maki 400 gaba ɗaya. In an ɗauke shi, shekara 6 ce a gabansa kafin ya sami digirin MBBS. Shekarar farko maimaicin kimiyya ce. Sa'an nan sai ya shiga darussa uku da ke tankaɗe ɗalibai: Anatomi, watau ilmin ƙirar jikin ɗan Adam, wanda ake koyonsa a kan gawa, da Fisiyoloji, watau yadda gaɓoɓi ke aiki, da Bayokemistiri, watau sinadaran da rai ke gudana a kansu. A ƙarshensu akwai babbar jarrabawa wadda makin cinta 50 ne bisa 100, kuma wanda ya yi ta faɗuwa a kanta akan sallame shi daga sashen. Sai wanda ya haye wannan zai sa farar riga ya shiga ɗakunan marasa lafiya.

To, me ya sa ƙofar ta yi ƙunci haka? Ba mugunta ba ce ta malaman jami'a, kamar yadda wasu iyaye ke zato. Hukumar kula da aikin likitoci, watau MDCN, ita ke yanke wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwaje-gwajenta da gadajen asibitin koyarwarta. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ninka wannan adadi daga 5,000 zuwa 10,000 a ƙasa baki ɗaya, amma duk da haka masu nema sun ninka guraben sau da yawa. Saboda haka yaro yana iya cin makin da zai ba shi kusan kowane kwas a jami'a, ya rasa wannan guda ɗaya. Jami'a kuwa, don kada ta yi asarar ɗalibi mai ƙoƙari, sai ta tura shi sashen da ke da sauran wuri.

A nan ne ruɗanin yake farawa, domin sai ka ji wani ya ce ai ba kome, ko a Amurka ma sai mutum ya yi digiri a kimiyya kafin ya shiga likita. Gaskiya ne haka ake yi a can. Tun 1893 makarantar likita ta Johns Hopkins ta shar'anta digirin farko ga mai son shigarta, rahoton Abraham Flexner na 1910 kuma ya sa sauran makarantu suka bi sawu a hankali. Ɗalibin Amurka yakan yi shekara 4 a kowane fanni ya ga dama, ko da tarihi ne, muddin ya haɗa da darussan kimiyyar da ake bukata, ya zauna wata jarrabawar shiga, sa'an nan ya yi wata shekara 4 ta likita. Ingila ma tun shekarar 2000 ta buɗe kwas na shekara 4 domin masu digiri. Amma mu tsarin Ingila na dā muka gada, wanda likitocin Arewa na farko suka bi, irin su Dokta R. A. B. Dikko da ya yi karatu a Birmingham, da Farfesa Ishaya Audu, da Farfesa Umaru Shehu. A wurinmu digirin kimiyya ba matakala ba ce da aka gina domin hawa likita. Hanya ce ta zagaye, kuma mai binta ya kamata ya san tsawonta tun kafin ya ɗaura takalmi.

Abin da yawancin yara ke shiga da shi a zuci shi ne za su yi shekara ɗaya, su ci maki mai yawa, a mai da su sashen likita. Ana yi, ba na musu, amma ƙalilan ne ƙwarai, kuma wasu jami'o'in sam ba su yarda da shi ba, tun da gurbin da hukuma ta yanke ya riga ya cika. Na ga yara da dama da suka zauna a ajin Bayokemistiri kamar mai jiran mota a tashar Berger, ido na kan titi, ba su zauna ba, ba su tafi ba. Shekara ta ƙare ba a sauya su ba, zuciya ta karye, karatun da ke hannu ya lalace. Su ne ke fitowa da digiri mai rauni, wanda bai kai su likita ba, bai kuma ba su aiki ba.

Hanyar da ta tabbata a rubuce ita ce wadda ake kira shiga kai tsaye, yara na ce mata DE. Mutum ya gama digirinsa, ya sayi takardar JAMB ta masu digiri, in an ɗauke shi a sa shi aji biyu. Jami'o'i da yawa suna neman digiri mai daraja ta biyu babba, ga kuma kiredit biyar na sakandare, waɗanda wasu ke cewa lalle a zama ɗaya aka same su. Guraben wannan hanya kaɗan ne, masu takardar IJMB ma suna cikin masu neman su. Kuma kada wanda ya karanta Anatomi shekara 4 ya zaci za a ɗauke masa darasin. Galibi zai koma aji ɗaya da yaran da ya girma, ya sake zama jarrabawar tare da su.

Mai karatu, mu yi lissafi. Yaron da ya shiga likita kai tsaye yana da shekara 17 zai yi 6 a makaranta, 1 ta koyon aiki a asibiti, 1 ta bautar ƙasa, ya tsaya da ƙafarsa yana da 25. Wanda ya bi zagaye zai yi 4, da 1 ta bautar ƙasa, da 5 na likita, da 1 ta koyon aiki, watau 11, ya fito yana da 28. Wannan in ba a yi yajin aiki ba ke nan, alhali kuwa na malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata 8. Shekara uku a takarda ba wani abu ba ne, amma a aljihun uban da ke biyan hayar gida a Wuse, ko wanda ya kusa ritaya ga ƙannen yaron a bayansa, abu ne babba. In kuwa 'ya mace ce, kowa ya san irin maganganun da dangi za su fara tun ba ta kai rabi ba, ko da yake su ne kuma za su fi kowa neman likita mace ran da matansu suka zo haihuwa.

Saboda wannan lissafi, ni a ganina, yaron da makinsa ya yi kusa da wanda aka yanke, kuma likita yake so ba wani abu ba, gara ya haƙura da shekara guda ya sake zama jarrabawar, ko ya yi IJMB. Asarar shekara ɗaya ta fi ta uku sauƙi. Haka na gaya wa wani Alhaji mai shagon yadi a Kasuwar Wuse, ya dube ni ya ce, "Malam, yaro ya zauna gida shekara guda a garin nan? Ai ka san abin da zaman banza ke haifarwa." Wannan ma magana ce, kuma uba ya fi malami sanin ɗansa. Shi dai ya zaɓi yaron ya tafi.

To, in an yanke shawarar tafiya, wane kwas ya fi? Nan ne nake saɓa wa mutane da yawa. Akan ce a ɗauki wanda ya fi kusa da likita, watau Anatomi ko Fisiyoloji, domin su ne za su sauƙaƙa aji biyu da aji uku. Lalle suna sauƙaƙawa. Amma tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce: in ƙofar likita ba ta buɗe ba bayan shekara 4, me wannan takarda za ta yi wa mai ita? Mai digirin Anatomi ko Fisiyoloji ba shi da lasisin taɓa majiyyaci, hanyarsa mafi fili ita ce ya ƙara karatu ya zama malamin jami'a ko mai bincike. Mai Bayokemistiri ko Maikurobayoloji yana da ɗan faɗin fili: masana'antun abinci da na magunguna, hukumar NAFDAC, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu, wadda ta fito da maganin Niprisan domin masu ciwon sikila, ko babban ɗakin gwaji na hukumar NCDC da ke Gaduwa, inda aka yi ta gwajin cutar korona a 2020. Amma shi ma, bisa dokar 2003, ba zai zauna a ɗakin gwajin asibiti a matsayin ƙwararre ba sai da lasisin hukumar masu wannan sana'a.

Akwai kuwa kwasa-kwasan da iyaye ke rainawa don ba a kiran mai su Dokta a unguwa, alhali kowannensu sana'a ce mai lasisi: aikin jinya, da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, da ɗaukar hoton jiki, da gashin ƙashi, da harhaɗa magunguna. Sun fi digirin kimiyya tsawo, shekara 5 ne ko 6, shigarsu ma ta yi wuya yanzu. Amma wanda ya shiga Babban Asibitin Wuse da safe ya lura, zai ga likita ba ya rubuta magani mai ƙarfi sai takardar gwaji ta dawo, ba ya taɓa karaya sai ya ga hoto. Mai irin wannan digiri in ya so ya nemi likita daga baya, yana nema ne da sana'a a hannu, har ya iya ɗaukar nauyin kansa.

Abu na biyu shi ne son kwas ɗin kansa. Tun da darajar digiri ce ke buɗe ƙofar DE, yaron da ya ɗauki fannin da yake jin daɗinsa ya fito da sakamako mai kyau ya fi wanda ya ɗauki fanni mai suna ya fito da ƙyar. Ɗiyar ƙanena, da aka ba ta zaɓi tsakanin Fisiyoloji da Maikurobayoloji, ta zo ta ce, "Baffa, kowa cewa yake in ɗauki Fisiyoloji." Na tambaye ta wane darasi ne take karantawa ko ba jarrabawa. Ta ce na ƙwayoyin cuta, tun ranar da ta fara leƙa madubin ƙara girma a sakandare. Na ce to ta riga ta ba kanta amsa. Ta gama da daraja ta biyu babba, ta nemi likita sau biyu kafin ta samu, kuma tsakanin nema na farko da na biyu tana aiki a wani kamfanin ruwan sha tana gwada tsabtar ruwa, ba ta zauna jiran kowa ba. Yanzu tana aji huɗu, inda ake karatun cututtuka da ƙwayoyinsu, ta ce nan ne karatunta na dā ya fara biyanta.

Saura magana ɗaya, ita ce ta makarantar da za a nufa. Kafin uba ya biya ko sisi, ya tabbata hukumar jami'o'i ta NUC da kuma MDCN duka biyu sun amince da sashen likitan wannan jami'a. Mazauna Abuja ba su manta da 2012 ba, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da kwasa-kwasai huɗu a Jami'ar Abuja, har da na likita, saboda rashin cika sharuɗɗa, ɗalibai suka yi shekaru ba gaba ba baya kafin a gyara al'amarin. Yau wannan sashe yana yaye likitoci, asibitin koyarwarsa yana Gwagwalada. Akwai kuma jami'o'in kuɗi a cikin birnin nan, kamar Nile da Baze, waɗanda kuɗin shekara guda na likita a cikinsu miliyoyin Naira ne. Ga tsofaffin makarantun Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri ga mai iya tura ɗansa nesa. Kowace daga cikinsu tana da nata sharuɗɗan game da masu digiri, wata tana karɓar Bayoloji, wata sai fannonin da suka shafi lafiya kaɗai, kuma sukan sauya daga shekara zuwa shekara. MDCN tana fitar da jerin makarantun da ta amince da su tare da adadin da ta yanke wa kowace, JAMB kuma tana fitar da kundin sharuɗɗan shiga kowace shekara, ana samun duka biyun a intanet kyauta. Yaron da zai shiga aji ɗaya na Bayokemistiri bana da niyyar likita, tun yanzu ya kamata ya buɗe kundin nan ya ga jami'o'i nawa ne za su karɓi digirin da zai fito da shi, da kuma darajar da suke nema.