Fim ɗin Yesu a Assamakka

Hutun bara na bi kawuna cikin babbar motarsa daga Arlit zuwa Assamakka. Can ne ake sauke waɗanda aka koro daga Aljeriya, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su iso gari.

Da dare wani saurayi, ƙafafunsa duk sun tsage, ya ga gicciye a wuyana. Ya ce, "Ƴar'uwa, akwai wani abin coci a wayarki?" Akwai fim ɗin Yesu na 1979 da aka juya Hausa. Na sha kallonsa a Arlit, amma gaskiya kama kuskure nake yi: baki ya rufe, murya na tafiya, karin maganar ma ba irin namu ba. Halin ɗalibar harshe ke nan.

Da muka zo kan labarin Basamariye, ya ce in mayar baya. Har sau uku. Sannan ya ce shi ma ya wuce wani kwance a hanya, bai tsaya ba.

Na rasa ta cewa. Kafin a kai ga gicciyewa caji ya ƙare. Muka yi wa mutumin addu'a cikin duhu, ko sunansa ba mu sani ba.