Tsakanin "Ka" da "Ki"

Harshenmu na Hausa ba ya rufa wa masoyi asiri. Da zarar mutum ya buɗe baki zai furta ƙauna, wakilin suna ya riga ya tona shi: ko dai "ina son ki", ko kuwa "ina son ka". Mun tashi da wannan ƙa'ida tun muna goye, har ba mu jin nauyinta.

Nauyin ya bayyana gare mu ne wata rana a Yalwa, nan Bauchi, sa'ad da muka zauna fassara wata waƙar soyayya ta Italiyanci wadda Handel ya yi wa kiɗa. Shi wannan Bajamushe, haifaffen 1685, ya zauna Italiya daga 1706 zuwa 1710, inda a Rum ya riƙa tsara waƙoƙi don fadojin manya irin su Ruspoli da Kardinal Ottoboni. A lokacin an haramta wa mata waƙa a coci da dandalin wasan birnin, saboda haka babanni, wato mazan da aka dandaƙe tun suna yara don muryarsu ta zauna siririya, su ne kan rera sassa masu zaƙin murya. Mun saurara, mun sake saurara. Mai bege dai na kuka, yana kiran abin begensa zuciyarsa da ransa, amma waƙar ta ƙi faɗin ko mace ce ko namiji. Alƙalaminmu ya cije a baitin farko, domin Hausa ta ce sai mun zaɓa.

A 2001 Ellen Harris ta wallafa littafi inda ta nuna cewa irin wannan shiru ba banza ba ne, wai mayafi ne da ya ba ƙaunar namiji ga namiji damar fitowa a waɗancan fadoji. Wasu masana sun musanta mata, don Handel bai bar wata shaida a kan zuciyarsa ba. Mu dai abin da ya tsaya mana shi ne, a wancan zamani hukuncin luwaɗi a ƙasar Fafaroma kisa ne, amma waƙar ta ratsa ta gaban malaman coci lafiya lau.

To, ashe mu ma muna da ƙofofinmu. Akwai "ku" ta girmamawa, akwai "an" da "wane" na habaici, waɗanda zabiya kan ɓoye kishiya a cikinsu gaban idon kowa. 'Yan daudu kuwa, kamar yadda Rudolf Gaudio ya bayyana a littafinsa na 2009 bayan bincike a Kano, ba su kauce wa ƙa'idar ba, juya ta suka yi: ɗaya kan ce wa ɗan'uwansa "ke", ya kira shi ƙawa.

Sai dai a garin nan wannan juyi ba wasan nahawu ba ne. A watan Agusta 2007 an kama maza 18 a wani otel bisa zargin shigar mata. A Janairu 2014, watan da aka sa hannu a dokar hana auren jinsi, jama'a suka yi wa kotun shari'a ta Unguwar Jaki ruwan duwatsu, suna neman a miƙa musu waɗanda ake tuhuma tun alƙali bai yanke hukunci ba. Da ƙyar jami'an tsaro suka fitar da su da rai.