Madrid a allo, Damagaram a ƙasa

Wani malamin makaranta a Maraɗi yana da ɗa wanda ya haddace sunayen ƴan wasan Real Madrid kaf, amma bai taɓa taka Damagaram ba, garin kakansa, tafiyar da ba ta kai kilomita 250 ba. Kowane hutun damina a gaban PlayStation yake ƙarewa, yaron yana cin kofunan da hannu ba ya ɗauka.

Da tsohon ya kwanta ciwo, uban ya ce tafiya mabuɗin ilimi ce, ya sa shi mota. A unguwar Birni, kusa da fadar sarki, kakan ya lissafa masa kakanni bakwai, kowa da sana'arsa. Wasa, in an sha kashi, sakewa ake yi. Tsohon kuwa sau ɗaya ya faɗa, bai sake ganin damina ba.