Yaran da Ke Tafiya Biyu-Biyu

A titunan Accra ana ganinsu biyu-biyu, sanye da farar riga, da ɗan baƙin allon suna a ƙirji. Samari ne 'yan mishan na cocin da aka fi sani da Mormon, mai hedikwata a jihar Utah ta Amurka. Tun 2012 namiji na iya fita wannan aiki yana ɗan shekara 18. Shekara biyu yake yi, galibi da kuɗin gidansu, kuma ba shi ke zaɓar inda za a tura shi ba.

Da sassafe suke tashi, su yi addu'a da nazari, sannan su shiga gari. Yawancin waɗanda suka tsayar ba sa sauraronsu. Wanda ya ba su wuri, sai su zauna su ba shi labarin Joseph Smith da littafin da ya fitar a 1830, su roƙe shi ya karanta ya yi addu'a da kansa.

Addinina daban ne, amma batun tafiya biyu-biyun nan yana tsaya mini a rai. A haɗa yaro da wanda bai taɓa gani ba, wataƙila ɗan Najeriya da Ba'amurke, su kwana ɗaki ɗaya, su ci tare, ba a yarda ɗaya ya fita ya bar ɗaya ba. Ko wa da ƙani sai sun kai zuciya nesa. Nakan kuma tuna iyayensu mata: kafin 2019 sau biyu kacal a shekara suke jin muryar 'ya'yansu ta waya, yanzu kuwa kowane mako.